Zare: Yadda makaɗan da suke sauya wasa gwargwadon wuri

1/ Satin da ya wuce na je biki a unguwarmu, Dogarawa. Mawaƙi na tsakiyar cashewa janareta ya mutu. Wallahi tsit ya yi, don ashe waƙar daga filashi take fitowa, shi baki kawai yake motsawa. Abin ya tsaya min a rai. Ku biyo ni.

2/ Makaɗan da ba su san wannan matsalar ba. Wurin wasa ne ke gaya musu kayan kiɗan da za su ɗauka, da tsawon waƙa, har da kalmomin da za su furta.

3/ Mu fara da fada. Narambaɗa da Ɗanƙwairo kotso suke kaɗawa. A gaban sarki ba a garaje: ’yan amshi sun haddace baitoci, jagora ya ɗauko, su ƙarasa. Mutum ɗaya ake wa waƙar, sai a jero asalinsa, a yi wa abokan hamayyarsa zambo.

4/ Da jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911, Sabon Gari ya tashi. Ga ma’aikatan reluwe, ga ’yan kasuwa, ga baƙi daga Kudu. Aka samu sabbin ’yan kallo masu kuɗi a aljihu, ba sarauta. Makaɗi ya samu wani wurin ci bayan ƙofar fada.

5/ Irin wannan fili ne ya dace da Mamman Shata, ɗan Musawa da ya zauna Funtuwa, nan gaba da Samaru. Kalangu ya riƙa, gangar da aka fi sani da mahauta. Ana matse igiyoyinta a hammata, murya ta hau ko ta sauka, kuma tana kai wa nesa ba lasifika.

6/ Dabararsa ita ce gajeren amshi. ’Yan amshi na maimaita layi ɗaya, shi kuma yana ƙirƙira nan take. Direba ya yi liƙi, ya shiga waƙa. Attajiri ya shigo, a juya kansa. Fili ya yi zafi a ja ta, ya yi sanyi a datse.

7/ Shi ya sa in ka saurari Bakandamiya a ɗauka daban-daban, ba za ka ji baitocin sun zo iri ɗaya ba. Ku gwada a YouTube.

8/ Sai faifan garmaho ya zo da tasa dokar: tsohon faifai minti 3 da ɗoriya yake ɗauka a kowane gefe. Waƙar da ake kwana ana yi dole a matse ta. Rediyon Kaduna kuma, da aka buɗe a 1962, gidan kowa yake shiga, don haka kalmar da ta wuce a dandali da dare ba lallai ta wuce a can ba.

9/ Ɗanmaraya Jos ya bi wata hanyar: shi kaɗai da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Ba ayari, ba kaya. Tasha, ɗakin taro, situdiyo, ko’ina ya tsaya wasa ya tashi. Barmani Choge kuwa da ƙwarya ta fito da amada daga cikin gidan biki zuwa bainar jama’a.

10/ A 1988 jami’armu, ABU, ta ba Shata digirin girmamawa. Mai kalangun dandali ya sa rigar dakta a Samaru. Ya rasu a 1999, Barmani 2013, Ɗanmaraya 2015.

11/ Ba cewa nake a jefar da fiyano da situdiyo ba, ni ma waƙoƙin zamani ne cike da wayata. Amma filashi ba ya ganin wanda ya shigo fili, ba ya sanin taro ya gaji.

12/ A bikin nan, wata tsohuwa ce ta kifa ƙwarya a ruwa, mata suka ɗauki amshi, aka ci gaba har aka gyara janareta. Masu shirin aure bana, ko mai kalangu ɗaya ku gayyata.

Wane mawaƙin yanzu kuka taɓa gani ya riƙe taro ba wuta? Ku faɗa min a ƙasa.