Giwa, ayu, agwada da dabgi: tarihin wata muhawara tsakanin masana dabbobi

A cikin wannan ƴar maƙala za mu bi sawun yadda masana suka gano cewa wasu dabbobi huɗu da ake samu a ƙasarmu Nijar dangin juna ne. Dabbobin su ne giwa da dabgi na gandun dajin W, da ayun kogin Isa, da agwadar duwatsun Abzin. Wanda ya dube su da ido ba zai ga abin da ya haɗa su ba, kuma daga nan matsalar ta faro.

Masanan farko sun dogara ne ga ƙirar jiki, watau haƙora da ƙasusuwa da ƙafafu. A 1766 Pallas ya sa agwada cikin dangin ɓera da gafiya, saboda ƙanƙantarta da haƙoranta na gaba. Cuvier, mutumin Faransa, ya binciki ƙashinta a wajejen 1800, ya cire ta daga nan, ya kai ta rukunin "masu kaurin fata" tare da giwa da karkanda da dorina. Rukunin bai ɗore ba, amma Cuvier ya hango wani abu. A 1945 Simpson, Ba'amurke, ya haɗa giwa da ayu da agwada ƙarƙashin suna guda, Paenungulata. Shi kuwa dabgi ya daɗe cikin rukunin "marasa haƙora" tare da masu cin tururuwa na Kudancin Amurka, don kawai cimarsu ɗaya ce kuma dukansu suna da dogon baki. A nan ne raunin hanyar yake: abinci iri ɗaya da zama iri ɗaya sukan ƙera jiki iri ɗaya ko da babu zumunci.

Sabuwar shaida ta fara ɓullowa a 1981, lokacin da de Jong da abokan aikinsa suka gwada wani furotin na ido, suka tarar dabgi ya fi kusa da giwa da ayu da agwada. Ba a ba sakamakon muhimmanci sosai ba sai da aka iya karanta jerin ADN. A 1997 Springer da abokansa suka buga bincikensu a mujallar Nature, a 1998 kuma Stanhope da abokansa suka raɗa wa rukunin suna Afrotheria, watau dabbobin Afirka. Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne shigowar wasu ƙananan dabbobi masu cin ƙwari cikinsa, kamar tanrak na tsibirin Madagaska, wanda wani irinsa ke da ƙaya tamkar bushiya, alhali ya fi kusa da giwa bisa ga bushiyar. Binciken 2001 ya raba dabbobi masu shayarwa masu mabiyiya gida huɗu, Afrotheria na ɗaya daga cikinsu.

Masana ƙirar jiki da dama sun yi jayayya, kuma a ganinmu suna da hujja a lokacin, domin babu wata alama a ƙashi da aka sani ta haɗa waɗannan dabbobi duka. Jayayyar ce ta mai da su ga kwarangwal ɗin da ke ajiye a gidajen tarihi. A 2007 aka nuna cewa ƴan wannan rukuni sun fi akasarin sauran dabbobi yawan ƙasusuwan gadon baya, a 2008 kuma aka lura cewa haƙoransu na dindindin kan makara wajen fitowa. Alamun suna nan tun zamanin Cuvier. Ba a neme su ba ne saboda ba wanda ya yi tunanin jera giwa da tanrak a kan tebur guda.

Tarihin ƙasa ma ya dace da sakamakon. Afirka ta rabu da Kudancin Amurka kimanin shekaru miliyan 100 da suka wuce, ta daɗe ruwa na kewaye da ita kafin ta haɗu da Asiya, a wannan kaɗaici kuwa zuriya guda ta rarrabu, wani ya shiga ruwa, wani ya haƙa rami, wani ya hau dutse. A ramukan haƙar fosfat na ƙasar Maroko an tono Phosphatherium, wanda aka bayyana a 1996, da Eritherium a 2009. Na biyun ya kai shekaru miliyan 60, yana cikin mafi daɗewar dangin giwa da aka sani, girmansa kuwa bai wuce na agwada da yawa ba.