Laifin Saduwa da Dabba a Shari'o'in Iyakar Gobir

Ƙasar da ke tsakanin Isa da Sabon Birni ƙasar noma ce da kiwo, inda saniya da jaki da akuya su ne dukiyar talaka. Har wa yau kuma ƙasa ce wadda shari'o'i iri iri suka bi ta kanta, kowace ta bar sawunta. Saboda haka ta dace da binciken wata mas'ala wadda kunya ta hana a riƙa tattauna ta a makarantu, watau hukuncin mutumin da ya sadu da dabba. Abin da tarihin mas'alar ya nuna shi ne, dukan shari'o'in da suka ambaci aikin sun ƙyamace shi, amma sun saɓa a kan wanda aka yi wa laifin. Kalmomin da kowace ta zaɓa wajen bayyana laifin kuwa, su ne suka yanke nauyin hukuncinsa.

Sunan laifin

Hausa tana da zina da luwaɗi, waɗanda ta aro daga Larabci, tana kuma da maɗigo. Amma idan aka zo kan wannan aiki sai a kewaya da jimla, a ce wane ya sadu da dabba, ko ya afka wa dabba. Malaman fiƙihu suna kiransa waɗa'ul bahima, watau takawar dabba. Turawa kuwa kalmomi biyu gare su, kuma ba su son a haɗa su. Ta farko, bestiyaliti, daga Latin take, sunan aikin ne, ita ce kalmar lauyoyi. Ta biyu, zufiliya, an ƙera ta daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar dabba da so, sunan halin zuciya ne, ita ce kalmar likitoci. Mutum yana iya aikata aikin sau ɗaya ba tare da halin ya zauna masa ba, wani kuma yana iya samun halin bai taɓa aikatawa ba. Alƙali aiki yake hukuntawa, likita kuwa hali yake dubawa.

Zamanin alƙalan Malikiyya

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a hannun jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo cikin shekara ta 1808. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci Gobirawa a yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali ya mutu. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga bisani kuma wani reshe nasu ƙarƙashin Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ta zama ribaɗin Daular Sakkwato mai tsaron wannan iyaka. Gaba ta siyasa ta raba garuruwan nan, amma littattafan da malamansu suke karantarwa ɗaya ne, watau Risala ta Ibn Abi Zaidin Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Shaihu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14.

To, hukuncin mas'alar a Muhtasar ya rataya ne a kan kalma guda. Da Halilu ya zo bayyana zina, sai ya sa sharaɗin cewa wanda aka sadu da shi ya kasance ɗan Adam. Wannan kalma ita ta fitar da dabba daga babin zina, ta kuma fitar da mai laifin daga haddi, watau hukuncin da nassi ya ƙayyade, kamar bulala ɗari ko jifa. Abin da ya saura a kansa shi ne ta'aziri, horon da alƙali zai yanke gwargwadon ganinsa, bayan ya duba shekarun mai laifin da hankalinsa da ko ya saba. Risala ma a nan ta tsaya: a hore shi, amma ba da haddi ba. Dalilin da malamai suka kawo kuwa shi ne, an sa haddin zina ne domin tsare nasaba da kuma tsawatar da rai daga abin da yake marmari, alhali kuwa wannan aiki ba ya cakuɗa nasaba, kuma lafiyayyar ɗabi'a da kanta tana gudunsa.

Kada mai karatu ya ɗauka sun sassauta wa aikin. Haramun ne a wurinsu ba jayayya, kuma a babin ibada sun ce yana wajabta wankan janaba, yana ɓata azumi. Sun dai raba girman zunubi da nau'in hukunci ne.

Akwai wani hadisi da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Ibn Abbas, mai umurni da a kashe mutumin, a kashe dabbar. Amma su waɗannan malamai biyu sun kawo wata ruwaya daga Ibn Abbas ɗin, cewa babu haddi a kan mai wannan aiki, Tirmizi kuma ya ce ita ta fi inganci. Saboda haka maganar da ta rinjaya a mazhabobi huɗu ita ce ta'aziri. Inda suka rabu shi ne makomar dabbar. Hambaliyya sun ce a kashe ta. Hanafiyya sun so a yanka ta a ƙone, domin kada ganinta ya riƙa tayar da zancen. Malikiyya kuwa suka ce dabbar kamar sauran dabbobi take, ba a kashe ta saboda abin da aka yi mata, in kuma an yanka ta namanta halal ne. Ga manomin da jakinsa ɗaya, ko bazawarar da akuyarta biyu, wannan saɓani ba ƙaramin abu ba ne, gama bisa ga mazhabar ƙasarsu ba za a haɗa musu ɓacin rai da asarar dukiya ba.

Abin da Ingilishi suka kawo

Turawan Ingilishi sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sun zo da nasu gadon, wanda tushensa Attaura ne, inda Littafin Firistoci ya hukunta kisa ga mutumin da dabbar duka. A 1533, zamanin Sarki Henri na Takwas, majalisar Ingila ta haɗa luwaɗi da saduwa da dabba a suna ɗaya, ta sa musu rataya, ba a kuwa janye kisan ba sai a 1861. A 1904 Gwamna Lugga ya kafa wa Arewa kundin laifuffuka wanda aka kwaikwayo daga na Kwinsland ta Ostareliya, aka shimfiɗa shi ga Nijeriya duka a 1916, sashe na 214 nasa kuma ya sa ɗaurin shekara 14. Amma kotunan Turawa ne suke aiki da shi. Alƙalan En'e, waɗanda su ne talakawan Isa da Sabon Birni suka sani, sun ci gaba da hukunci da fiƙihun Malikiyya, sai dai an hana yanke gaɓa.

Babban canji ya zo ne gab da samun mulkin kai. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, ta kira kwamitin masana shari'a wanda Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya shugabanta. Bisa ga shawararsu aka yi Kundin Laifuffuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, a 1959, ya fara aiki ran 30 ga Satumba 1960. An ɗauko tsarinsa daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860. Sashe na 284 ya haɗa namiji da mace da dabba a jimla guda, ya ce duk wanda ya sadu da ɗayansu ta hanyar da ta saɓa wa tsarin halitta, a ɗaure shi har zuwa shekara 14, ana kuma iya cin sa tara.

A nan mai nazarin harshe zai lura da abu biyu. Na farko, abin da fiƙihu ya raba gida biyu, luwaɗi a babin haddi, dabba a babin ta'aziri, wannan sashe ya gama su. Na biyu, ya canza wanda aka yi wa laifin. Yanzu ba iyakar Allah aka ambata ba, ba kuma haƙƙin mai dabba ba, sai wani abu da ake kira tsarin halitta, kalmar da kundin bai tsaya ya fassara ba.

Hayin iyaka

Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 su ne suka tsaga Gobir, Sabon Birni ta faɗo hannun Ingilishi, Tsibiri ta faɗa hannun Faransawa. Faransa kuwa tun a 1791, bayan juyin mulkinta, ta cire luwaɗi da saduwa da dabba daga jerin laifuffuka, kundin Nafoliyon na 1810 kuma ya bar su a cire. Hujjarsu ita ce, aikin hukuma hukunta cutar da wani ne, zunubi kuwa tsakanin mutum ne da Ubangijinsa, sai fa in an yi abin a bainar jama'a, sa'an nan a kama mutum da laifin rashin kunya. A 1946 aka soke ikon kotunan gargajiya a kan laifuffuka a ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma, dokar Faransa ta hau kan kowa. Ta haka ne Gobirawa 'yan uwan juna, masu karanta Risala ɗaya, suka wayi gari waɗansu ƙarƙashin dokar da ta sa shekara 14, waɗansu ƙarƙashin wadda ba ta ambaci aikin da suna ba.

Likitoci da masu bincike

Binciken likitoci ya fara ne da Richard von Krafft-Ebing, wanda ya wallafa littafinsa a kan karkatattun sha'awoyi a 1886, shi ne kuma ya shigar da kalmar zufiliya cikin harshen likitoci. A Amurka Alfred Kinsey ya ba da rahoto a 1948 cewa kamar 8 cikin 100 na mazan da ya tambaya sun taɓa yin wani abu irin wannan, galibi a ƙuruciya kuma a ƙauyukan noma, a 1953 kuma ya ce mata ba su kai 4 cikin 100 ba. Masana sun soki yadda ya zaɓo mutanensa, gama da yawa 'yan sa kai ne, waɗansu kuma fursunoni. Lissafin Amurka ne na wancan zamani, ba a auna Gobir da shi. Littafin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya ba halin babi nasa a 1980, sa'an nan a 1987 ya mayar da shi cikin tarkacen da ba su da babi, saboda ƙarancin waɗanda ake samu da shi shi kaɗai.

Daga baya tambayar ta juya zuwa ga dabbar kanta, wadda ba ta da bakin yarda ko na ƙara. Bisa ga wannan ne ƙasashen da suka soke laifin suka komo da shi ta ƙofar kare dabbobi: Faransa a 2004, ta kuma ƙarfafa a 2021, Jamus a 2013 bayan ta soke a 1969, Siwidin a 2014, Danmak a 2015.

Komowar shari'a a rubuce

A Janairun 2000 Jihar Zamfara, wadda Shinkafi tata take maƙwabtaka da Isa, ta fara aiki da kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci. Sakkwato ta bi sawu a zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, mutumin ƙasar Isa. Kundin Zamfara ya sake raba abin da Final Kod ya gama, ya ba saduwa da dabba sashe nasa da sunansa na Larabci, ya yanke masa bulala 50 da ɗaurin wata 6. Ya komo ga matsayin Malikiyya ke nan, amma da bambanci guda. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya hana a hukunta mutum sai da laifin da doka ta bayyana a rubuce tare da hukuncinsa. Saboda haka ta'azirin da Halilu ya bar wa ganin alƙali, dole ya zama lamba a takarda.

Abin da ya shafi malaman makaranta

Amfanin sanin wannan tarihi bai tsaya ga ɗakin karatu ba. Ƙasar Isa da Sabon Birni ta sha wahalar 'yan bindiga da ɓarayin shanu, har a Agustan 2024 Sarkin Gobir Isa Muhammad Bawa ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Inda hannun hukuma ya yi rauni, jama'a sukan so su zama alƙalan kansu, zargi irin wannan kuwa yana da saurin tunzura taro, ga shi kuma da wuyar wankewa. Mai ɗan guntun karatu zai iya tuno hadisin kisa, ya manta da abin da masu ruwaito shi suka faɗa a kansa. Malamin da ya san mas'alar yana iya shaida wa ɗalibansa cewa babu ɗaya daga cikin shari'o'in da suka mulki ƙasar nan, daga ta alƙalan Malikiyya zuwa kundin 2000, da ta sa kisa a kan wannan laifi, cewa hukunci na alƙali ne bayan shaida, cewa wanda ya jefi wani da zargin ba hujja shi ma ya cancanci horo, kuma cewa dabbar ba ta da laifi, a mayar wa mai ita abinsa.