Ƙari mai lafiya da ƙarin daji: yadda likitoci ke bambanta su

Ƙari tsiro ne na nama da ke fitowa idan ƙwayoyin halittar jiki suka yi ta ninkuwa fiye da bukata. Iri biyu ne. Akwai mai zama wurinsa, kamar ƙarin kitse a ƙarƙashin fata da ƙarin mahaifa da ke damun mata da yawa. Akwai kuma na daji, wato kansa ko sankara.

Na farkon yakan girma a hankali, sau da yawa cikin wata 'yar jaka da ta raba shi da naman kewaye, shi ya sa yake motsi idan an taɓa. In an cire shi duka, da wuya ya dawo. Na daji kuwa kutsawa yake yi cikin naman da ke kusa, ya bi jini ko hanyar kaluluwa ya kafa sabon tsiro a hanta, huhu ko ƙashi. Wannan yaɗuwa ita ce babbar shaidarsa.

A nan ne da yawa cikinmu ke ruɗuwa, 'yan'uwa. Mukan ce tunda ba ya zafi, ba komai. Amma sankarar nono takan fara da ɗan ƙulli marar zafi ko kaɗan. Girma ma ba hujja ba ne: ƙarin mahaifa na iya kai girman kan jariri bai zama daji ba. Kumburin muƙamuƙin yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958 daji ne mai saurin gaske, amma yana jin magani in an kai yaro da wuri.

Hannu da hoto zato kawai suke bayarwa. Hukuncin yana wurin likitan ɗakin gwaji. Akan ɗebi ɗan nama da allura ko a tiyata, a jiƙa shi cikin ruwan fomalin, a daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri fiye da gashi, a rina, sannan a duba da madubin likita. Ƙwayoyin ƙari mai lafiya suna kama da naman da suka fito, a jere. Na daji sun saɓa wa juna a girma da siffa, tsakiyarsu ta yi duhu, ana ganinsu sun keta iyaka.

Saboda haka naman da aka ciro a tiyata ba na binnewa ba ne, ko da an miƙa wa dangi a kwalba. Na gwaji ne. Tsagar wanzami kuma ba ta gaya wa kowa wane iri ne, jinkiri kawai take ƙarawa. Daga Ambursa ko Argungu, mataki na farko shi ne Asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya a Birnin Kebbi. Wanda sakamakonsa ya bukaci gashi da na'ura, akan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.