Ɗalibi Mai Iyali: Daga Zakkar Kaka Zuwa Ƙarin Kuɗin 1978

A ƙauyukan ƙasar Bichi da Ɗambatta, tun can da ba a daidaita almajiri mai iyali da ƙolo. Akan ara masa gona, in kaka ta yi kuma a tuna da shi wajen fid da zakkar hatsi. Da 'ya'yan manoma suka kai Jami'ar Bayero, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1977, gandu ne ya riƙe matan da suka bari a gida, alhali farin 1973 da kuturtar gyaɗa ta 1975 sun riga sun raunana shi. A 1978 gwamnatin soja ta ƙara kuɗin abincin ɗalibi na kullum, ba ta ware magidanci daga tuzuru ba.