Butar kafe mai fiston: yadda take aiki da yadda ake dafa kafe da ita a gida

Yawancin kafen da ake sha a Nijar na gwangwani ne ko na ƴar leda, wanda mai shayi zai zuba a ruwan zafi ya narke nan take. Wannan ba ya buƙatar wata buta ta musamman, kuma wanda ya sa shi cikin butar da muke magana a kai ya wahalar da kansa a banza. Butar fiston aikinta na garin kafe ne na ainihi, wato ƙwayar da aka soya aka niƙa, wadda ba ta narkewa sai dai a jiƙa a tace.

Da Faransanci ana ce mata cafetière à piston. Doguwar buta ce ta gilashi ko ta ƙarfe maras tsatsa, a murfinta akwai sanda, a ƙasan sandar kuma rariya ta siririyar waya wadda ta cika faɗin butar. In ka danna sandar, rariyar za ta tura garin ƙasa, ruwan kafe ya tsaya sama. Ba wuta, ba lantarki, ba takardar tacewa da za ka dinga saye. Ga wanda ke zaune inda wutar lantarki ke zuwa ta ɗauke, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wasu Faransawa biyu, Mayer da Delforge, su suka fara rajistar irin wannan dabara a 1852. A 1929 wani ɗan Italiya, Attilio Calimani, ya yi rajistar samfurin da ya fi kama da na yau, sannan Faliero Bondanini ya gyara shi a 1958, aka riƙa ƙera shi a Faransa da sunan Melior. Kamfanin Bodum na ƙasar Danmak ya ƙara baza ta duniya.

Niƙa shi ne rabin aikin

Nan ne mutane suka fi kuskure. Garin ya zama mai tsaki-tsaki, kamar tsakin masara ko gishiri mai ƙwaya. In ya yi laushi irin garin tuwo, zai bi ta ramukan rariya ya cika kofi da laka, ga ɗaci, kuma ya toshe rariyar har sandar ta ƙi sauka. Wanda ba shi da injin niƙa na hannu zai iya dakawa a ƙaramin turmi, amma fa turmin da bai taɓa ganin yaji ko daddawa ba, don kafe yana kwasar wari da sauri. Bayan daka a tankaɗe, a ajiye mai laushin gefe, a yi aiki da tsakin. Garin da ake saidawa a kanti cikin fakiti yawanci an niƙa shi ne don wasu injuna, ya fi laushi. In shi ka samu, rage lokacin jiƙo.

Awo kuwa, giram 60 zuwa 70 na gari ga litar ruwa ɗaya. Babban cokali cike da tozo yana kai wajen giram 7, ke nan cokali 9 ko 10 ga babbar buta mai lita ɗaya, cokali 3 ga ƙaramar mai mililita 350.

Ka fara ɗauraye butar da ruwan ɗumi, musamman lokacin hunturu, don kada gilashi mai sanyi ya haɗu da tafasasshen ruwa kwatsam. Zuba garin. Ruwan da ya tafasa a sauke shi ya huta kamar rabin minti ko minti ɗaya, zafinsa ya dawo wajen digiri 92 zuwa 96, sannan a zuba. Za ka ga garin ya taso ya yi kumfa, in kafen sabo ne. Motsa shi da cokalin katako, rufe, ka bar sandar a sama. Jira minti 4. To, sai dannawa, a hankali, hannu ɗaya riƙe da murfi, bakin butar yana kallon inda ba kowa. In ka ji ta cije, kada ka sa ƙarfi: ɗan jawo ta sama ka sake. Masu danna ta da ƙarfin tsiya su ne ruwan zafi ke fallatso wa a hannu ko a fuska, kuma yara kan tsaya kusa suna kallo.

Da ka danna, juye duka a kofuna ko a falas. In ka bar shi kan garin zai ci gaba da jiƙa, kofi na biyu ya fito da ɗaci kamar maɗaci. Kuma ba a maimaita gari kamar yadda ake yi wa ganyen shayi a fada, na ɗaya, na biyu, na uku. Kafe sau ɗaya yake ba da abin da ke cikinsa.

Maganar lafiya

Tunda babu takarda, man da ke cikin ƙwayar kafe yana wucewa cikin kofi. Shi ke ba shi kauri da ɗanɗano, amma a cikinsa akwai sinadarai biyu, kafestol da kahweol, waɗanda ke ɗaga mugun kitsen jini ga mai sha da yawa kullum. Wanda likita ya ce masa kitsen jininsa ya hau, gara ya sake tace kafensa da takarda ko ya rage. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, kusan kofi huɗu ke nan, mace mai ciki kuma 200. A tuna irin robusta, wanda ake nomawa a Kodebuwa, kafeyinsa ya kusan ninka na arabika, mai asali daga Habasha. Haka nan kafe yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka mai ƙarancin jini ya bar tazarar awa ɗaya ko fiye tsakanin cin abinci da kofinsa.

Bayan an gama, a kwance rariyar, ai tana warwaruwa, a wanke ta da sabulu, don tsohon mai da ya maƙale shi ke sa kafen gobe ya yi ɗanɗanon tsami. Dusar kada a zuba ta a magudanar ruwa, tana toshewa. A kai ta ramin taki. Sauran garin kuma a ajiye a kwalba mai murfi, cikin inuwa, nesa da murhu da kayan yaji.