Ƙauran Namoda: Inda Layin Dogo Ya Tuƙe

Layin dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙauran Namoda a 1929, kuma a nan ya tuƙe. Turawa sun shimfiɗa shi ne domin kwashe gyaɗa da auduga zuwa Legas, don haka tashar ta fi tara buhuna bisa matafiya. Manoman Maradun, Talata Mafara da Bakura kuwa, sai dai su labta amfanin gona kan jakuna da raƙuma su kai Ƙaura ko Gusau. An sha maganar ƙarasa layin zuwa Sakkwato, amma har yau jirgi bai taɓa keta ƙasar Mafara ba.