Furen da Ba Ya Yaushi: Zeami da Sirrin Gwaninta

Wajajen shekarar 1374, wani ɗan wasa mai suna Kan'ami ya hau dandali a wurin bauta na Imakumano da ke Kyoto, tare da ɗansa Zeami, yaro mai kimanin shekara 12. Cikin 'yan kallo akwai Ashikaga Yoshimitsu, shugaban mulkin soja na Japan, shi ma matashi. Wasan ya ƙayatar da shi har ya ɗauki nauyinsu. Ta haka wasan da talakawa suka saba kallo ya shiga fada, ya zama abin da a yau ake kira Noh: haɗin rawa da waƙa da kiɗa, inda jagoran wasa kan rufe fuskarsa da sassaƙaƙƙen katako.

Zeami ya fahimci cewa kyawun ƙuruciya ne ya buɗe masa ƙofar fada, kuma ƙuruciya baƙuwa ce. Me zai rage wa ɗan wasa idan murya ta dushe, jiki ya yi nauyi? Wannan tambaya ce ginshiƙin littafinsa Fushikaden, wanda ya fara rubutawa wajajen 1400. Ya kira abin da ke kama zuciyar mai kallo "fure", ya kuma kasa shi gida biyu. Akwai furen lokaci, wanda shekaru ke bayarwa su kuma ƙwace. Akwai fure na haƙiƙa, wanda horo kaɗai ke haifarwa. A ganinsa, babban haɗari yana jiran ɗan shekara 24 ko 25: jama'a za su yaba masa, ya ɗauki furen lokaci a matsayin na haƙiƙa, ya daina koyo. Hujjarsa mahaifinsa ne, wanda ya yi wasan ƙarshe a lardin Suruga a 1384, kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa. Ya rage motsi ƙwarai, amma bai rasa hankalin 'yan kallo ba.

A wani littafin, Kakyo, na 1424, Zeami ya ƙara wani sharaɗi: ɗan wasa ya koyi ganin kansa da idon masu kallo, har ya san yadda bayansa yake. Wanda hankalinsa ya maƙale a kan kansa ba zai iya haka ba.

Mayaƙa ma sun yi fama da wannan matsala, kuma gidajen biyu sun san juna. Surukin Zeami, Komparu Zenchiku, ya jagoranci gidan wasa na Komparu. A 1601 gwanin takobi Yagyu Muneyoshi ya miƙa wa wani magajin gidan, Komparu Ujikatsu, rubutaccen bayanin dabarun makarantarsa. Ɗan Muneyoshi, wato Munenori, shi ya koyar da shugabannin gidan Tokugawa sarrafa takobi. Gare shi ne malamin ɗarikar Zen, Takuan Soho, ya rubuta cewa duk inda hankalin mayaƙi ya tsaya, ko a kan takobin abokin gaba ko a kan nasa, nan ne za a ci shi. A dandali sakamakon tsayawar hankali shi ne gundurar 'yan kallo. A fagen fama kuwa, mutuwa ce.

Zeami ya ɗanɗana gaskiyar koyarwarsa da kansa. Bayan rasuwar Yoshimitsu a 1408, tagomashinsa ya soma raguwa. Shugaba Yoshinori ya fifita ɗan ɗan'uwansa On'ami a kansa. Ɗansa Motomasa, wanda ya sa ran zai gaje shi, ya rasu a 1432, sannan a 1434 aka kore shi zuwa tsibirin Sado yana da shekara 70 da ɗoriya. A can ma bai ajiye alƙalami ba.

Littattafansa kuwa ba don jama'a ya rubuta su ba. Sirri ne na gado, ana miƙa shi ga wanda ya cancanta kaɗai, domin ya yi imani cewa dabarar da mai kallo ya riga ya sani ta daina ba shi mamaki. Haka suka zauna a hannun 'yan tsiraru kusan ƙarni biyar, sai a 1909 masanin tarihi Yoshida Togo ya buga 16 daga cikinsu. Daular Ashikaga da ta ɗaukaka shi ta kuma kore shi ta rushe tun 1573. Wasannin Zeami, irin su Takasago da Izutsu, har yau ana yin su a Tokyo da Kyoto.